Yadda Ake Koya wa Jariri Maganar Hannu Kafin Bakinsa Ya Buɗe

Jariri yana fahimtar magana tun kafin ya iya furta ta. Ɗan wata 9 ya san sunansa, ya san ma'anar "a'a", in an ce masa "zo" ya kan miƙo hannu. Abin da ya rage shi ne harshe da leɓɓa da numfashi su haɗa kai su fitar da kalma, wannan kuwa sai wajen shekara guda, wani yaron ma ya haura. Hannu ya riga baki nuna ƙwarewa: yaro yana tafi, yana ɗaga hannu a ɗauke shi, yana nuni da yatsa, alhali bai iya cewa komai ba sai gwaranci. A wannan tsakani, inda ya san abin da yake so amma ba shi da hanyar faɗa, kuka da rigima suke yawa. Koya masa 'yan alamomi na maganar hannu hanya ce ta ba shi abin da zai riƙa faɗa da shi kafin bakin ya iso.

Kafin a shiga matakai, gara a san abin da za a samu da abin da ba za a samu ba, don masu tallar darussa sun cika baki a kan wannan al'amari. A shekarun 1980 ne wasu masana halayyar yara biyu a Kaliforniya ta Amurka, Linda Acredolo da Susan Goodwyn, suka fara nazarin alamomin da jarirai masu ji suke yi da hannu, a daidai lokacin da wani tafintan kurame, Joseph Garcia, yake nasa aikin a kan koya wa jarirai maganar hannu. A 2000 Acredolo da Goodwyn suka fitar da sakamakon bincike a kan jarirai 103 da aka fara bi tun suna wata 11, inda suka ce waɗanda aka koya wa alamomi sun ɗan yi gaba a magana. Amma a 2005 wasu masu bincike a Kanada suka tattara nazarce-nazarce 17 suka duba, suka ce hujjar ba ta yi ƙarfin da za a dogara da ita ba. A 2013 kuma aka bi jarirai 40 a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila daga wata 8 zuwa wata 20, ba a ga wani bambanci a yawan kalmominsu ba. Abin da aka gani shi ne iyaye matan da suka koyar da alamomi sun fi lura da motsin 'ya'yansu, sun fi saurin gane abin da suke nufi.

Ni a wurina wannan ita ce ribar. Wanda ya shiga don ya mai da ɗansa haziƙin da ba a taɓa yi ba, zai gaji ya bari. Wanda ya shiga don ya riƙa jin abin da ɗansa yake faɗa, zai samu. Tsoron da wasu suke yi cewa yaro zai saba da hannu ya ƙi buɗe baki kuwa, babu binciken da ya tabbatar da shi.

Lokacin farawa

Ana iya farawa daga wata 6, lokacin da jariri ya fara zama yana kafa wa mutum ido. Sai dai a sani cewa yawanci ba ya mayar da alama sai tsakanin wata 8 zuwa 12, don haka wanda ya fara da wuri zai yi makonni, ko ma watanni, yana yi shi kaɗai. Idan kun ga ya fara tafi, ko ɗaga hannu in wani zai fita, ko nuna abu da yatsa, to hannunsa ya shirya. Wanda bai fara ba sai da yaro ya shekara bai makara ba, hasali ma ya fi saurin ganin sakamako.

Waɗanne alamomi, kuma daga ina

Maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya. Akwai fiye da 300, kowacce da nahawunta da kalmominta. Amurka da Birtaniya duk Turanci suke yi, amma kurman Amurka da na Birtaniya ba sa fahimtar juna kai tsaye. Ta Amurka, wadda ake kira ASL, ta fi kusa da ta Faransa, domin wani malami kurma daga Paris, Laurent Clerc, yana cikin waɗanda suka buɗe makarantar kurame a garin Hartford na Amurka a 1817. Abin da ya fi shi ne ku ɗauki alamomi daga maganar hannun da kuramen inda kuke zaune suke yi, saboda wata rana yaron zai iya amfani da ita da mutum na gaske. Idan ba ta samu ba, ASL ta fi yawa a littattafai da intanet, kuma daga cikinta na ɗauko misalan nan. Ga yaro mai ji, ko alamar da kuka ƙirƙira a gida za ta yi aiki, muddin kowa ya tsaya a kanta ba a sauyawa.

Ku fara da uku zuwa biyar, kada ku wuce. Waɗannan su ne aka fi farawa da su:

Nono ko madara: a buɗe hannu a dunƙule, a buɗe a dunƙule, kamar ana tatsa.

Ƙari: a tattara yatsun kowane hannu wuri guda su haɗu da babban yatsa, sannan a riƙa taɓa kan yatsun hannu biyun da juna.

Ci: a tattara yatsun hannu ɗaya kamar an ɗebo loma, a taɓa baki sau biyu.

An gama: a ɗaga hannu biyu a buɗe, tafin yana kallon ƙirji, sai a juya su waje da sauri.

Barci: a buɗe hannu a gaban fuska, a jawo shi ƙasa yana rufewa har yatsu su haɗu a haɓa, ido yana lumshewa.

Waɗannan na buƙata ne. Amma a cikin uku zuwa biyar ɗin ku haɗa da aƙalla alama ɗaya ta abin da yake burge yaron, wanda ba ci ba sha. Idan tsuntsu ne yake ɗauke masa hankali, a sa babban yatsa da manuni a gaban baki ana buɗewa ana rufewa kamar bakin tsuntsu. Idan kyanwa ce, a kama gefen kunci da yatsu biyu a ja waje kamar ana jan gashin bakinta. Dalili shi ne, jariri yana da hanyar neman abinci tun ranar da aka haife shi, wato kuka, kuma tana yi masa aiki. Amma ba shi da hanyar da zai ce "kin ga abin da na gani?" Sau da yawa alamar farko da yaro yake yi daga wannan ɓangaren take fitowa, ba daga wadda iyaye suka fi nacewa ba.

Akwai iyayen da suke ɗokin fara koyar da "don Allah" da "na gode". Niyyar mai kyau ce, amma ɗan wata 9 ba shi da abin da zai rataya waɗannan kalmomi a kai, ba a ganinsu, ba a taɓa su. A bar su sai ya haura shekara ɗaya da rabi.

Yadda ake nunawa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi kuskure. Alama ba darasi ba ce da za a zaunar da yaro a koya masa. Ana yin ta ne a daidai lokacin da abin yake faruwa, tare da furta kalmar da baki, ido cikin ido. Abubuwa uku ke nan a lokaci guda: abin kansa, kalmar, da hannun. In ɗaya ya ɓace, yaron ba zai haɗa su ba.

Ga yadda abin yake a aikace. Uwa tana ba yaro abinci da cokali. Ya haɗiye, ya buɗe baki yana jiran na gaba. Maimakon ta kai masa nan take, sai ta ajiye cokalin, ta jira daƙiƙa biyu ko uku har ya ɗago ya dube ta don ya ga abin da ya tsayar da ita. A wannan duban ne za ta haɗa kan yatsunta kusa da fuskarta, ta ɗaga gira, ta ce "ƙari? Kana son ƙari?" Sai ta ba shi. Yana ci ta sake cewa "ƙari" tana yin alamar. Ta yi haka sau uku ko huɗu a zama ɗaya, sauran cokulan ta ba shi kamar kullum. Da ya fara kawar da kai ko ture hannunta, sai ta juya tafukan hannunta waje ta ce "an gama", ta ɗauke kwanon. Ɗauke kwanon nan take shi ne yake koya masa ma'anar alamar, ba maimaitawa ba.

Ku lura da ɗan jinkirin nan. Gajere ne, na jawo ido, ba na horo ba. Kada a taɓa hana yaro nono ko abinci ko ruwa wai sai ya yi alama. Yaron da yake kuka don yunwa ba ya koyon komai, kuma zai ɗauki alamar a matsayin shingen da aka gitta tsakaninsa da abin da yake so.

Waɗanda suka fi kowa iya wannan aiki su ne iyaye kurame, don su da hannu suke renon 'ya'yansu tun daga haihuwa, kuma masu bincike sun daɗe suna nazarin dabarunsu. Suna yin alama a hankali, da faɗi, suna maimaitawa, fuska tana nuna abin da ake nufi. Idan yaro ya ƙura wa wani abu ido, ba sa juyo da kansa da ƙarfi, sai su kai hannunsu inda idonsa yake su yi alamar kusa da abin. Ko su ɗan taɓa kafaɗarsa su jira ya waiwayo. Wani lokaci a jikin yaron suke yin alamar: yana zaune a cinya, sai a taɓa bakinsa da yatsu don "ci", ko a zagayo da hannu ta gabansa a yi alamar yana kallo. Duk waɗannan mai ji zai iya ara.

Kama hannun yaro a gwada masa kuwa, a yi shi da sauƙi, jefi-jefi. Wasu yaran suna so, suna dariya. Wanda ya fizge hannunsa a ƙyale shi.

Sai maimaici. Ku rataya kowace alama a kan abin da ake yi kullum: shayarwa, cin abinci, wanka, canza kaya, kwanciya. Ta haka ba sai an tuna ba, lokacin ne zai tuna muku. Alama uku da ake yi kowace rana sun fi ashirin da ake yi in an ga dama. Yau da gobe ce take koyar da jariri.

Gane alamar farko

Iyaye da yawa suna cewa ɗansu ya ƙi koyo, alhali ya yi mako biyu yana yi musu magana ba su gane ba. Alamar jariri ba ta fitowa yadda aka nuna masa, kamar yadda kalmarsa ta farko ba ta fitowa daidai. Nazarin yaran da suka tashi da maganar hannu ya nuna cewa sun fi dacewa da wurin da ake yin alama, sun fi kuskure a siffar yatsu. Haka kuma sukan motsa kafaɗa ko gwiwar hannu a inda babba zai motsa wuyan hannu ko yatsu kawai. Saboda haka "ƙari" zai iya zuwa kamar tafi, ko ya riƙa caka yatsa ɗaya a tafin ɗaya hannun. "Ci" zai iya zama dukan baki da tafin hannu gaba ɗaya. "Nono" kuma ya yi kama da ɗaga hannun sallama, har ma yakan yi shi a ƙasa, a gefen cinya, inda ba wanda yake dubawa.

Abin dubawa shi ne: motsi ɗaya ne yake dawowa a yanayi ɗaya? Yana duban ku in ya yi? To magana ce. Ku amsa nan take, ku furta kalmar, ku yi alamar yadda take daidai, ku ba shi abin. Kada ku gyara masa yatsu, kada kuma ku koma yin irin tasa, shi ne zai matso zuwa taku a hankali.

Makonnin farko bayan alamar farko, ku yi ƙoƙari kada ta faɗi ƙasa banza. A nan ne yake gano cewa hannunsa yana sa abu ya faru. Amma dole wata rana zai nemi abin da ba za a ba shi ba. Kada a yi kamar ba a gani ba. A ce masa "na gani, kana son ƙari, amma an gama", a yi alamomin biyu. Zai iya yin kuka duk da haka, sai dai kukan wanda aka hana daban yake da kukan wanda ba a fahimta ba, kuma ya fi saurin wucewa.

Za ku ga kuma ya ɗauki alama ɗaya ya yafa wa komai. "Ƙari" ta zama "ina so", ko da bai taɓa samun abin ba balle a ƙara masa. Alamar kyanwa ta hau kan kare da duk wani mai ƙafa huɗu. Ba ruɗewa ya yi ba, haka yara suke yi da kalmomin baki ma. Alama ce ta cewa kalmominsa sun yi masa kaɗan, lokacin ƙari ya yi.

Faɗaɗawa

Da zarar ya kama biyu ko uku, sauran suna zuwa da sauri. Ku bi idonsa: abin da yake nunawa da yatsa, shi ne kalma ta gaba. Wanka: a dunƙule hannu biyu a goga a ƙirji sama da ƙasa. Littafi: a haɗa tafuka a buɗe su. Uwa: a buɗe hannu, babban yatsa ya taɓa haɓa. Uba: haka nan, amma a goshi. Taimako: a ɗora dunƙulallen hannu a kan tafin ɗayan, a ɗaga su tare.

Akwai guda ɗaya da nake ganin ta cancanci a ba ta lokaci na musamman, ita ce ciwo. Ana nuna manunan hannu biyu suna kallon juna, a riƙa kusanto da su, kuma ana yin ta ne a daidai inda ciwon yake. Ana koyar da ita in ya yi tuntuɓe ko ya buge: a yi alamar a kan gwiwar da ta bugu, a ɓata fuska, a ce "ciwo". In ku kuka buge, ku nuna masa a jikinku. Ranar da zai farka cikin dare yana kuka ya kai yatsunsa kusa da kunne, za ku san inda za ku ce wa likita ya duba.

Duk wanda yake ɗaukar yaron ya san alamomin: uba, kakanni, mai reno, yayye. Yayye ma sun fi kowa naci, kuma jariri ya fi son kwaikwayon yaro ɗan'uwansa. Idan ana kai shi gidan reno, a nuna wa masu kula da shi yadda shi yake yin kowace alama, ba yadda take a littafi ba.

Bidiyo na iyaye ne, su kalla su koya. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ba ta yarda a zaunar da jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya gaban allon waya ko talabijin ba, kuma allo ba ya amsa wa yaro in ya yi alama.

Wani lokaci zai daina kwata-kwata na 'yan kwanaki, musamman in yana haƙori, ko ba shi da lafiya, ko ya duƙufa koyon tafiya. Ku ci gaba da naku, zai dawo. Bayan shekara ɗaya zai fara haɗa kalmar baki da alama, ya ce "mama" da baki ya yi "nono" da hannu, kuma irin wannan haɗi yakan zo gab da fara haɗa kalmomi biyu da baki. Daga nan alamomin za su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, duk kalmar da baki ya iya hannu ya sake ta. Sukan dawo ne kawai in ya gaji, ko kuka ya hana shi magana, ko bakinsa cike.

Idan kuna so ya riƙe maganar hannu bayan ya iya magana, daga shekara 2 zuwa 5 ana shigar da ita cikin wasa da waƙa da labari, a koya masa launuka, ƙidaya, da alamomin fushi da tsoro da murna. Amma kalmomi a warwatse ba su ne harshe ba. Wanda yake son ɗansa ya iya da gaske sai ya haɗa shi da kurame masu yin ta.

Idan yaron kurma ne

Duk abin da aka faɗa a sama na yaro mai ji ne, wanda maganar baki take shiga kunnensa dare da rana, alamomi kuwa ƙari ne. Ga yaron da ba ya ji, ko jinsa ya yi rauni, al'amarin ya wuce alama goma ko ashirin. Yana buƙatar cikakken harshe, kuma yana buƙatarsa a shekarun farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe. Yaron da ya wuce waɗannan shekaru ba tare da harshen da yake iya kamawa ba, na baki ko na hannu, yakan daɗe yana fama da giɓin a karatu da fahimta.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, yawanci ba su taɓa yin maganar hannu ba, kuma sau da yawa ana ba su shawarar su guje ta wai don yaro ya dage da baki. Wannan ra'ayi tsoho ne. A taron malaman kurame da aka yi a Milan ta Italiya a 1880 aka yanke cewa a fifita koyar da baki a kan hannu, aka kori maganar hannu daga makarantu da yawa na tsawon shekaru, sai a 2010 taron ya yi watsi da wannan matsaya a Vancouver ta Kanada. Tun 1960 William Stokoe na kwalejin kurame ta Gallaudet a Amurka ya nuna cewa ASL harshe ne mai tsarinsa. A 1991 kuma Laura-Ann Petitto da Paula Marentette suka nuna cewa jarirai kurame da suka tashi cikin maganar hannu suna gwaranci da hannuwansu, suna maimaita guntayen motsi, kamar yadda masu ji suke "ba-ba-ba" da baki. Ko da za a sa wa yaro na'urar ƙara ji, ko a yi masa tiyatar dasa na'ura a kunne, maganar hannu tana ba shi harshe a lokacin da ake jira, da kuma duk lokacin da aka cire na'urar.

A nan matakan sun bambanta. Ba a jiran wata 6, ana farawa ranar da aka sani. Iyaye su shiga koyo sosai, su nemi manyan kurame su riƙa zuwa gidan, kuma a riƙa yin maganar hannu a gaban yaron ko da ba da shi ake ba, domin yaro mai ji yana tsintar kalmomi da yawa daga hirar da ba tasa ba, kurma ma yana da haƙƙin wannan tsintuwa. Ƙa'idar da likitocin Amurka suke bi ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6.

Yara masu lalurar Down ko otizim, ko waɗanda maganarsu ta yi jinkiri, su ma alamomi suna taimaka musu, har akwai tsarin da aka gina don irinsu a Birtaniya a shekarun 1970 mai suna Makaton, wanda yake haɗa alama da furuci. Wannan a yi shi tare da ƙwararren mai gyaran magana.

Abu na ƙarshe da za a kiyaye: yaron da ya iya alamomi yana iya ɓoye matsalar ji ba da saninsa ba, don yana biyan buƙatunsa da hannu, gida ya zauna lafiya. Idan jariri ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata 9 ba ya waiwayowa in an kira sunansa daga baya, ko gwarancinsa ya ragu maimakon ya ƙaru, ko ya kai wata 15 zuwa 18 babu kalma ko ɗaya a bakinsa, a kai shi a gwada kunnensa, ko da alamominsa sun kai hamsin.